Kawu da Takardar da Ban Kai Ba

Na daɗe ina juya wannan magana kafin in zauna in rubuta ta. Wata huɗu ke nan da rasuwar kawuna, kuma tun ranar addu'ar uku nake cewa zan rubuta wani abu a kansa. Na sayi kaye sabo, wato littafin rubutu, na sa bisimilla a shafin farko, na rufe na ajiye. Abu biyu suka riƙe ni. Na farko, karatuna bai wuce firamare ba, sartifika ma sai a zama na biyu na samu, ina ganin bai dace a ce ɗan aike ne zai ba da labarin mutumin da ya horar da malamai ba. Na biyu, idan zan faɗi gaskiya a kansa, dole in faɗi wani laifi nawa da bai sani ba har ya koma ga Allah. Akwai takardar da ya ba ni in kai, ban kai ba, tana nan cikin akwatina. Zan zo kanta.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ya koyar da lissafi a wata koleji a nan Dakwaro har ya yi furfura, ni kuma planto ne a kolejin, wato mai kai takardu, mai raba alli, mai buga ƙarfen shiga da na tashi. Duk shekara makarantar horon malamai takan turo ɗalibanta masu son zama malaman koleji, su yi ƴan watanni cikin aji na gaskiya a hannun tsohon malami. Shi ake kira sitaji. A ƙarshe anspekta, mai duba aikin malamai, ya zo ya zauna ya kalli darasi guda, shi da tsohon malamin su sa hannu. In babu wannan sa hannun, babu takardar malanta. Ƴan sitajin lissafi duk hannun kawu suke faɗawa.

Ranar zaman makoki rumfar ƙofar gida ta cika da tsofaffin ƴan sitajinsa. Daga Birnin Lalle, daga Rumbu, wasu tun daga Maraɗi. Ni ke miƙa buta da ruwan sha, don haka na ji abin da suke faɗi. Bayan an shafa fatiha, sai wani da ya zama direktan makaranta yanzu, har da tumbi, ya ce: "Mutumen nan sati biyu ya ajiye ni bayan aji kamar buhun hatsi. Ni da na zo da lisans ɗina na jami'a ina taƙama!"

Na kusa da shi ya ce: "Kai sati biyu? Ka ci sa'a. Ni uku na yi, saboda wasu tagwaye da na kasa rabewa."

Aka yi dariya har liman ya yi gyaran murya. Mai shagon da ke kallon gidanmu ya jawo ni gefe ya ce: "Ashe malam na da mutane haka? Mu dai mun san shi da keke da shiru." Daga cikin gida ana jin wata madam, malamar makaranta, tana kuka, an ce tun daga tasha ta fara. Mahaifiyata ba ta yi kuka ba. Duk wanda ya shiga yi mata gaisuwa sai ta ce: "Ni na goya shi, ni ya kamata in riga shi." Ni kuwa duk motar da ta tsaya sai in ɗaga kai. Mutum ɗaya nake dubawa, ba ta zo ba.

Kawu ne ya samar mini aikin planto lokacin da noma ya ƙi ni. A satina na farko aka ba ni ambulan in kai wa direkta na wancan lokaci. Na je gida ban tarar da shi ba, na bar wa matarsa. Takardar ta kwana uku ƙarƙashin kwanon tuwo. Da magana ta fito, kawu bai yi mini faɗa ba. Ya tsayar da kekensa ya ce: "Ɗan Yaya, takarda in tana rufe, hannun mai ita." Ya hau ya tafi. Haka yake kirana, Ɗan Yaya, ni kuma a gida in ce Kawu, a lakwal, wato makaranta, in ce Mushe kamar kowa, don haka ake kiran malami.

Ba ya maimaita magana, kuma in ya aike ka ba ya tambaya ko ka je. Na taɓa jin matarsa tana yi masa ƙorafi a kan haka, ya ce tambayar babban mutum "ka yi?" zagi ne. Mutane suna yabon wannan hali. Ni ya fi ba ni tsoro fiye da a ce mai faɗa ne, don mai faɗa kana iya ba shi haƙuri a wuce wurin.

Ga yadda yake horon nasa. Ɗan sitaji in ya zo, ba ya taɓa alli. Kawu ya nuna masa kujerar ƙarshe, can jikin bango, tsakanin manyan yaran da suka maimaita aji. Aikinsa ɗaya, ya riƙe sunan kowane yaro da ƙauyen da ya fito. Ajin kuwa cike yake, uku uku a tebur, wasu a ƙasa. Ranar da ya iya tsayawa ya kira kowa da sunansa ba tare da duba rajista ba, ranar zai karɓi alli. Wani ya taɓa cewa: "Mushe, lissafi na zo koyarwa, ba ƙidayar jama'a ba." Kawu ya ce: "Lissafi ka iya shi tun can. Su ne ba ka iya ba."

Yakan kuma ɗauke su ranar da ba aji, su zaga gidajen da yaran ƙauye suke sauka. Ba ya bayani. Sai su ga yaron da ke gyangyaɗi a aji shi ne ke ɗebo wa masu masaukinsa ruwa kafin ya taho, su dawo su daina jifansa da alli.

In ɗan sitaji ya karɓi aji, sai kawu ya koma waccan kujerar ta baya. Ya naɗe ƙafa, ya ɗora hula a gwiwa, ya yi shiru. Ko me aka ɓata a allo ba ya motsi. Sai an tashi, su zauna gindin itacen bedin da ke bayan ofis, ni in kawo shayi, ya ce: "To, mi ka gani?" Yawanci da bakinsu suke faɗin kuskurensu. Dokarsa da kowa ya sani ita ce, allin da ke hannun malami ba a karɓarsa gaban yara. Yakan ce yaro yana manta lissafin da aka gyara, amma ba ya manta ranar da aka gyara malaminsa.

A kan ƴan sitaji ya yi rigimar da ta fi kowace tsawo. Wata shekara malamai suka yi ƙaranci, direkta ya same shi a gaban ofis.

"Mushe, aji uku ba malami, ga samari zaune bayan ajinka suna hamma. Ba ni su!"

"Ba a aiko su su toshe rami ba."

"To yaran hwa? Su zauna haka nan?"

"Ni in shiga. Su dai ba su shiga su kaɗai."

Ya kuwa shiga, ya riƙa koyar da aji biyu a jere ba hutu har muryarsa ta dushe. Shekarar nan duka shi da direkta ba su sha shayi buta ɗaya ba, sai in dafa biyu. Har yau ban san wanda ke da gaskiya ba, don yaran aji na uku sun yi wata guda ba lissafi.

Zauren gidansa bai taɓa zama fanko ba lokacin sitaji. Wanda bai sami masauki ba, nan ne. Akwai wani dogo da riga ɗaya gare shi, ranar zuwan anspekta kawu ya ara masa tasa, hannun rigar ya tsaya masa a gwiwar hannu. Shi ne mai maganar tagwaye a wurin makoki. A cikin gida kuwa kawu ba mai daɗin zama ba ne. Ƴaƴansa sun ce sun fi jin muryarsa ta tagar aji.

Shekara tara da suka wuce aka turo ƴan sitaji, mata uku da namiji ɗaya. Ɗaya daga cikin matan ɗiyar makiyaya ce daga wani ƙauye gaba da Badar Gula. Doguwa ce, da hagu take rubutu, ba ta da yawan magana. Cikin kwana shida ta riƙe sunayen ajin duka, abin da ba wanda ya taɓa yi. Yaran makiyaya da ke zaune baya ba sa ɗaga hannu, a darasinta suka fara ɗagawa. Kawu bai yaba mata a gabanta ba, amma na ji ya ce wa matarsa: "Wagga in ta samu shekara biyar, ni zan koma bayan ajinta in koya."

Ranar da anspekta ya zo, cikin bazara ne, ina tsaye bakin taga da kwalin alli. Ta fara lafiya lau. Tana cikin warware wani lissafi a allo, a layi na biyu ta manta wata alama, duk abin da ya biyo baya ya karkace. Wani yaro a gaba ya fara gunaguni. Anspekta ya sunkuya yana rubutu. Ita ma ta tsaya, ta ɗaga kai tana bin layukan da ido daga ƙasa zuwa sama. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Kawu ya miƙe daga kujerar baya, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba, ya zo ya zare allin daga hannunta, ya goge layin ya gyara.

Wani ya tuntsire da dariya, ajin ya ɗauka. Ta kaɗe hannunta, ta ɗauki jakarta, ta ce: "Mushe, ga ajinka." Ta fita.

Da azahar ta dawo ɗaukar kayenta, ta same shi gindin bedi. Ina wurin da butar shayi, na rasa ko in tashi ko in zauna.

"Kai ka ce muna ba a karɓa," ta ce.

"Anspekta yana rubutu, ɗiyata."

"Da ka bar shi ya rubuta. Na ga wurin. Kuskurena ne, ni za ni gyara abina. Yanzu da wane ido zan tsaya gaban yaran nan?"

Ta ɗauki kayenta ta tafi. Washegari ta shiga mota ta bar gari. Aka kira salularta, a kashe.

Kawu ya hau kekensa ya je wurin anspekta sau biyu. Ban san abin da ya faɗa masa ba, amma mutumin ya yarda zai sake zuwa ya kalli wani darasin kafin a aika da sakamako. Ranar Juma'a kawu ya miƙo mini ambulan a liƙe, da sunanta a baya. Ya ce: "Ɗan Yaya, kai mata wanga. Ba Alhamis mai zuwa ba, ta sama, anspekta zai dawo." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Asabar da sassafe na shiga motar Badar Gula, daga can na hau kabu-kabu zuwa ƙauyensu. Ban same ta ba. Ta bi mahaifinta da dabbobi zuwa wata rijiya can arewa, tafiyar kwana biyu, inda waya ba ta shiga. Baffanta, ƙanen mahaifinta, shi ya tarbe ni. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka dama mini fura, ya ce: "Ai ta ce muna an ba su hutu ne. Lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, takarda ce daga lakwal.

"To ka zo a daidai. Gobe ni kaina zan tahi wurinsu da dusa. Kawo."

Ya miƙo hannu. Har yanzu ina ganin hannun nan. Na ce masa ya yi haƙuri, takarda in tana rufe sai hannun mai ita.

Ya dube ni ya ce: "Ɗan birni, ni na yanka mata ragon suna. Cinye takardar zan yi?"

Na ce ba haka ba ne, ƙa'idar aiki ce. Ya yi dariya ya janye hannunsa. Na so in faɗa masa ranar da baki, amma sai na tuna ta ce musu hutu aka ba su. In na ce anspekta zai sake zuwa, zai tambaya me ya faru a zuwan farko, in tona mata asiri a gidansu. Na so in bi shi, amma ban nemi izini ba, kuma Litinin babu mai buga ƙarfe. Sai na ce kawai in ya je ya ce mutanen lakwal suna nemanta. Na lissafa cewa akwai sauran Asabar guda kafin ranar, zan dawo in same ta.

Litinin kawu ya gan ni ya ce: "Sannu da hanya." Na ce yauwa. Na yi niyyar in gaya masa bayan na gyara abin.

Asabar ta biyu na koma. Baffan bai dawo ba, ita ma ba ta zo ba. Wata tsohuwa kaɗai na tarar, ta ce ruwan rijiyar ya ja baya, sun ƙara gaba, ba ta san ina ba.

Ranar Alhamis kawu ya sa babbar riga. Ya sa aka wanke allo da ruwa, ya ce in kawo sabon alli in ajiye a tebur. Anspekta ya zo ya zauna. Kawu ya koma kujerar baya ya ɗora hula a gwiwa. Yara suka yi tsit suna kallon ƙofa. Ina bakin taga, takardar tana aljihuna. Da aka yi rabin awa anspekta ya rufe kayensa, ya ba kawu hannu, ya tafi. Kawu ya fito ya wuce ta gabana. Bai tambaye ni ba.

Daga ranar abin ya fi ƙarfina. Duk wayewar gari sai in ce yau zan faɗa, duk kwanan da ya ƙaru kuma sai faɗin ya ƙara nauyi. Na riƙa tambayar direbobi da masu zuwa kasuwar dabbobi. Wani ya ce ta yi aure wajen Abalak. Wani ya ce ya ga mai kama da ita tana koyarwa a wata firamare ta ƙauye. Na koma ƙauyen bayan damina biyu, aka ce gidan duka sun tashi.

Kawu bai ƙara ambatonta ba sai sau ɗaya, shekarar da ya ajiye aiki. Malamai suka yi masa ƴar walima, wani ya tashi ya ce duk wanda ya bi ta hannun Mushe ya zama malami. Kawu ya ce: "Ban da ɗaya. Ita ni na ɓata ta. Na ba ta haƙuri a rubuce, ba ta karɓa ba, kuma tana da gaskiya." A nan na san abin da ke cikin ambulan ɗin, ban da ranar dawowar anspekta.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata la'asar na same shi shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na ce: "Kawu, akwai magana a kan wani aike."

Ya buɗe ido ya ce: "Ɗan Yaya, kai kaɗai ne ban taɓa aike na kwana da tunanin aiken ba. Miƙo mini ruwa."

Na miƙa masa ruwa. Bayan kwana biyar ya rasu.

Sai bayan addu'ar arba'in na ɗauki ambulan ɗin na kai wa matarsa, wadda nake kira Inna. Tana tsintar wake a faifai, na faɗa mata duka. Ba ta ɗaga kai ba sai da na gama.

"Shekara nawa?"

"Tara, Inna."

"Ka buɗe?"

"A'a. Ba tawa ba ce."

"Allah ya shirye ka. Mutum ya miƙo hannu ka hana shi, don kwanon tuwon matar direkta." Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce: "Duk baƙon da ya zo daga arewa sai ya raka shi har bakin hanya, ina jin abin da yake tambaya. Shi dai ya tahi. Ita hwa? Tana can tana cewa ya kunyata ta ya juya baya. Mi kake jira, ita ma ta mutu?"

Inna ce ta sa na sake buɗe kayen nan. Ɗiyata ta ce za ta buga shi ta sa inda malamai suke karantawa. Na sa ta duba mini kurakurai sau biyu, wanda ya rage nawa ne.

Allah ya jiƙan kawu, ya yafe masa tashin da ya yi daga kujerar baya, ya sa sauran zaman da ya yi a kanta cikin mizaninsa.

Roƙona ga duk wanda ya karanta shi ne wannan. Ban rubuta sunanta ba, don ban san halin da take ciki ba, ko za ta so a ambace ta. Amma waɗanda suka yi sitaji tare da ita sun san ta, kuma doguwar mace mai rubutu da hagu, mai riƙe sunan yara cikin kwana shida, ba ta ɓacewa a lakwal. Wanda ya san inda take, ko ta sake sitajin ta zama malama, ko ta bar koyarwa, ko yana da labarin baffanta, don Allah ya zo kolejin da kawu ya koyar ya nemi planto. Ina nan bakin ƙarfe kullum. Ina son ta san anspekta ya dawo, an wanke mata allo, kuma kawu ya jira ta.

Takardar tana rufe yadda ya liƙe ta. Wannan karon duk wanda ya ce ya san hanya ya miƙo hannu, zan ba shi.